Sojan ƙarfe: idan ya yi kuskure, wa za mu tambaya?

Yau da na yi niyyar mu ci gaba da maganar tarin yara a lokacin hunturu, sai wani saƙo da aka ajiye mini a ƙarƙashin rubutun makon jiya ya sauya mini hanya. Wata baiwar Allah ce daga Shagari, ɗanta na biyu soja ne, shekara uku ke nan yana daji. Ta ce ya turo mata wani bidiyo na wani ƙarfe mai ƙafa huɗu kamar kare yana tafiya a gaban sojojin wata ƙasa, ya rubuta mata cewa nan gaba kaɗan irin waɗannan ne za su riƙa shiga daji a madadinsu, ta kwantar da hankalinta. Tambayarta ita ce, wai gaskiya ne? In gaskiya ne, ta yi murna ko ta ji tsoro?

Hajiya, Allah ya dawo miki da shi lafiya. Ni ba soja ba ce, allura da ruwan leda na sani. Amma shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki kafaɗa da kafaɗa da na'urori a gefen gadon marar lafiya, kuma na san wani abu game da abokin aikin da ba ya gajiya, ba ya jin barci, ba ya kuma jin kunya idan ya yi ƙarya. A kan wannan zan ba ki amsa.

Gaskiya ne, ana ƙera su, kuma an daɗe ana yi. Tun a 2002 sojojin Amurka suka fara tura wani ɗan mutum-mutumi mai suna PackBot cikin koguna a Afghanistan. Girmansa bai wuce akwatin tafiya ba, yana tafiya a kan bel irin na tankar yaƙi, yana da kyamara da hannu guda ɗaya mai tsawo. A Iraƙi aikinsa shi ne ya je ya taɓa abin da ake zargin bam ne a gefen hanya, sojan kuma yana can nesa yana kallo a allo. Idan abin ya tashi, ƙarfe ne ya tarwatse, ɗan mutane ya koma gida wurin uwarsa. Kamfanin da ya ƙera shi, iRobot, shi ne kuma ya yi wata na'urar share ɗaki mai yawo da kanta da ake kira Roomba. Wato tsintsiya da mai kwance bam gida ɗaya suka fito.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda sojojin suka shaƙu da waɗannan ƙarafa. Wata mai bincike a Jami'ar Washington, Julie Carpenter, ta tattauna da sojoji 23 masu kwance bam, aka fitar da sakamakon a 2013. Ta tarar suna raɗa musu suna, wasu da sunan matansu ko budurwarsu, suna jin haushi da ɓacin rai idan bam ya lalata su, har akwai waɗanda suka yi wa nasu jana'iza. Kada ki yi dariya. Muna da wata tsohuwar na'urar zuƙe majina a wurin aikinmu da muke kira Inna, duk ranar da ta ƙi tashi sai ki ji ana lallashinta kamar mutum.

Mai ƙafa huɗun da ɗanki ya turo miki shi ma yana da kakanni. Wani kamfani mai suna Boston Dynamics ya ƙera wa sojojin Amurka wani da aka yi domin ya zama jakinsu, yana ɗaukar kaya kimanin kilo 180, yana bin soja a baya duk inda ya sa ƙafa. A ƙarshen 2015 suka ajiye shi, saboda injinsa yana da ƙara sosai, zai tona wa abokan gaba inda suke. Jakin Bodinga ma yana kuka, amma aƙalla yakan yi shiru wani lokaci.

Nan kusa da mu ma an gwada. A 2019 sojojin Estoniya da ke Gao a ƙasar Mali sun yi sintiri da wata ƙaramar mota marar direba mai suna THeMIS, tana ɗaukar musu ruwa da kaya a cikin zafin da kin san irinsa. Daga baya aka kai irinta Ukraine, inda aka shirya wasu domin kwaso waɗanda suka ji rauni daga bakin daga. Wannan kam ya taɓa mini zuciya. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gaggawa ya san cewa mai zubar da jini ba ya jira. Sau da yawa raunin kansa ba shi ne ajali ba, daɗewar da aka yi kafin a iso da mutum ita ce. Idan akwai abin da zai shiga inda ake ruwan harsashi ya ɗauko ɗanki, ba tare da an sake rasa wasu 'ya'yan mutane huɗu wajen ɗauko shi ba, ni ce ta farko da zan yi masa addu'ar Allah ya ƙara masa batir.

To har nan, Hajiya, ki yi murna. Mai ɗaukar kaya, mai kwance bam, mai kwaso majinyaci, duk alheri ne.

Sai dai mu a nan ƙasar, abokin aikin da sojojinmu suka samu ba a ƙasa yake tafiya ba, a sama yake. Shi ne jirgi marar matuƙi. A watan Disamban 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da wanda rundunar sojin sama ta ƙera a Kaduna, aka sa masa suna Gulma. A Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da na biyu, shi kuma Tsaigumi. Duk wanda ya zaɓi sunayen nan ya san Hausa, ya kuma san aikin abin: ya leƙa, ya dawo ya faɗa. Bayan waɗannan akwai manya da aka sayo daga China da Turkiyya, masu ɗaukar bam. Kuma ke da ni mun san halin gulma. Wani lokaci gaskiya take kawowa, wani lokaci kuma ta ga rabin abu ta cike sauran da kanta.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ba na cikin masu cewa a janye jiragen. Duk wanda yake da dangi a ƙauyukan Shagari ko Tureta ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da rayuwar mutane: gonar da ba a zuwa, matan da ke kwana a gidajen 'yan uwa a cikin gari da yara a goye, kuɗin fansa da ake haɗawa da sayar da bisashe. Na sha wanke raunin harsashi a jikin mutanen da ba su taɓa riƙe abin da ya wuce fartanya ba. Idon da ke sama yana ganin ayarin babura tun kafin su iso gari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ku tuna daren Lahadi 3 ga Disamban 2023 a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna. Mutane sun taru suna Mauludi, jirgi marar matuƙi na sojojin ƙasa ya sakar musu bam. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, ƙungiyar Amnesty ta ce sun haura 120, da yawansu mata da yara. Waɗanda suka tsira sun ce bam na biyu ya sauka ne a kan masu kwasar gawarwaki. Babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, marigayi Taoreed Lagbaja, ya je garin da kansa ya ba da haƙuri. Shekara ɗaya bayan nan, ranar 25 ga Disamban 2024, abin ya zo jiharmu: a Gidan Bisa da Rumtuwa cikin ƙaramar hukumar Silame, harin sama da aka kai domin Lakurawa ya yi sanadin mutuwar aƙalla mutum goma 'yan gari.

A Tudun Biri mutum ne ya kalli allo, mutum ne ya yanke hukunci, mutum ne ya danna. Jirgin bai harba da kansa ba. Abin da ya yi shi ne ya nuna taron mutane da dare, daga nisan da fuska ba ta fita, muryar masu bege kuma ba ta kaiwa. Wanda ke kallon ya yarda da abin da allon ya nuna masa. Wannan kuskuren na san shi, domin na taɓa yin ƙaraminsa.

A shekarata ta biyu da fara aiki, ina aikin dare, aka kawo wani yaro ɗan wata takwas da ciwon haƙarƙari. Akwai 'yar na'urar da muke maƙala wa a yatsa, tana nuna yawan iskar oksijin da ke cikin jini. Na maƙala masa, ta nuna lamba mai kyau. Na rubuta, na koma kan wasu. Uwar yaron ta biyo ni sau biyu tana cewa, Nas, numfashinsa bai yi mini ba. Sau biyun ina nuna mata lambar, ina cewa ki kwantar da hankalinki, ga shi inji ya ce lafiya. Allah ya kawo babbar sistarmu tana zagaye. Ko kallon na'urar ba ta yi ba, ta ɗaga rigar yaron. Ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk numfashi, hancinsa yana buɗewa yana rufewa. Nan take ta sa aka ɗaura masa oksijin, aka taso likita. Yaron ya rayu. Da asuba ta kira ni gefe ta ce, ke, sunan wa ke ƙasan takardar nan, naki ko na inji? Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ban san uwar yaron nan ko tana karanta wannan fili ba. In tana karantawa, ke ce kika yi gaskiya a daren nan.

Shekaru bayan haka na karanta wani bincike da likitocin Jami'ar Michigan suka fitar a ƙarshen 2020. Sun gano cewa irin wannan na'urar takan nuna lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku a kan farar fata. Dalili kuwa da haske take aiki, tana haska yatsa ta auna abin da ya ratsa, kuma galibin waɗanda aka gwada ta a jikinsu tun farko farare ne. Mu a nan muna da ƙarin namu: hannu mai sanyi, yaro mai motsi, jan farce, baƙin lalle. Na'urar ba mugunta take yi ba. Abin da aka koya mata take maimaitawa, kuma ba a jikinmu aka koya mata ba.

Yanzu ki ɗauki wannan ki ɗora a kan jirgin da ke shawagi a saman Bodinga. Abin da manyan ƙasashe ke tsere a kai yau shi ne su sa wa waɗannan na'urori ƙirƙirarriyar basira, ta yadda za su gane abokin gaba da kansu. Yadda ake koya musu shi ne a nuna musu dubban hotuna, a ce wannan bindiga ce, wannan ba bindiga ba ce, har su iya rarrabewa. To hotunan wa aka nuna musu? Bafulatanin da ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya rataya hannuwa biyu a kanta, daga sama me ya yi kama da shi? Manomin da ya fita da galma tun duhun asuba fa? Ayarin babura ashirin da suka ɗauko amarya daga Sifawa za su kai ta ƙauye bayan isha'i, da me ya bambanta da ayarin da muke gudu? 'Yan sa-kai da suka fito da bindigar toka suna bin sawun ɓarayin shanu fa? Yaron ƙauye ɗan shekara bakwai zai bambance waɗannan duka da kallo ɗaya, domin a cikinsu ya tashi. Injin da aka horar a wata nahiya sai ya yi lissafi ya ce kashi kaza cikin ɗari.

Kuma maganar ta wuce hasashe. Wani rahoton ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2021 ya ce a yaƙin Libya, a shekarar 2020, an yi amfani da wani ƙaramin jirgi ƙirar Turkiyya mai suna Kargu-2 wajen farautar mayaƙan da ke ja da baya, kuma an tsara shi yadda zai iya kai hari ko da babu sadarwa tsakaninsa da mai sarrafa shi. Libya kuwa da Nijar iyaka ɗaya suke. Saboda irin wannan ne a Oktoban 2023 Sakatare Janar Antonio Guterres da shugabar ƙungiyar Red Cross ta duniya suka yi kira tare da a kafa doka kafin ƙarshen 2026 da za ta hana barin inji ya yanke hukuncin kashe mutum shi kaɗai. A Afrilun 2024 ƙasashen ECOWAS sun zauna a Freetown kan wannan magana, a Disamban shekarar kuma ƙasashe 166 suka goyi bayan wani ƙuduri a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙuduri dai ba doka ba ne, kuma ƙasashen da suka fi ƙera makaman ba sa gaggawa.

Ga inda na tsaya, Hajiya. Abokin aiki a wurina shi ne wanda za ka iya tambaya me ya sa ka yi haka, ya ba ka amsa, in ya yi laifi a hukunta shi. A asibiti duk allurar da aka yi akwai sunan wanda ya yi ta. Duk maganin da ke da haɗari, mutum biyu ke dubawa kafin a ba da shi. In an yi kuskure, akwai wadda za a kira ofis, akwai wadda za ta tsaya gaban dangi ta sunkuyar da kai. Bayan Tudun Biri, rundunar soji ta sanar a 2024 cewa jami'ai biyu za su gurfana gaban kotun soja. Ko hakan ya wadatar ko bai wadatar ba, aƙalla akwai mutum mai suna da za a nuna. Ranar da inji ne ya zaɓa ya kuma harba, wa za a gurfanar? Wanda ya rubuta lissafin a wata ƙasa, ko wanda ya sayo, ko yaron da ya kunna shi da safe? Ina tsoron kada yaron nan ya zama ɗanki, a bar shi da nauyin abin da bai gani ba, bai kuma zaɓa ba. Na ga sojojin da suka dawo daga daji ba su da rauni ko ɗaya a jiki amma ba sa iya barci.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi kowace uwa a wannan yanki ko tana da soja ko ba ta da shi. A daren 25 ga Disamban 2025 Amurka ta kai hari a jihar Sakkwato. Gwamnatin tarayya ta ce an auna dajin Bauni ne a ƙaramar hukumar Tangaza, kuma an yi amfani da jirage marasa matuƙi samfurin MQ-9. Amma wasu ɓaraguzan makaman sun faɗo a Jabo, ƙaramar hukumar Tambuwal, maƙwabtan Shagari, a fili kusa da asibitin garin. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hotunan washegari, mutane sun yi cincirindo a wurin, ana ɗaga guntayen ƙarfe ana juyawa a hannu. Wata tsohuwa da ta zo awon hawan jini a makon ta ce mini, ɗiyata, wanga abu da ba shi da direba, in ya ɓata hanya wa ka tsai da shi? Ban ba ta amsa ba, na dai ɗaura mata abin awo.

Don Allah ku zaunar da yaranku yau, ba gobe ba. Duk ƙarfen da suka gani a gona ko a daji wanda ba su san shi ba, mai waya ko mai fiffike ko mai kama da tukunyar gas, kada su taɓa, kada su jefe shi da dutse, kada su kai wa mai sayen gwangwan. Na san kuɗin gwangwan yana da daɗi a hannun yaro, amma abin da bai fashe a sama ba yana iya fashewa a hannu, ko bayan watanni. Su ja da baya ta hanyar da suka zo, su gaya wa babba, babba ya gaya wa mai unguwa ko 'yan sanda. In kuma ƙaddara ta faɗa aka ji rauni, a sami tsumma mai tsabta a danne wurin da ƙarfi kada a ɗaga, in ya jiƙe a ƙara wani a kai. Kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki, kada a zare ƙarfen da ya shige jiki, a nufi asibiti.

Shawarata kuma ga masu shirya taron dare a ƙauye, Mauludi ne ko biki ko kai amarya da ayarin babura: ku sa maigida ya sanar da hakimi ko uban ƙasa, a sanar da jami'an tsaro mafi kusa, rana kaza, wuri kaza, mutum kamar nawa. Bai kamata a ce sai mun nemi izini kafin mu yi murna a garinmu ba, na sani, kuma nauyin tantancewa yana kan mai riƙe da makami. Amma kiran waya ɗaya ne.

Ke kuma Hajiya, idan ɗanki ya sake kira, ki ce masa kin ga bidiyon kuma kin yi addu'a Allah ya kawo mai ɗaukar masa kaya da mai shiga gabansa inda aka binne bam. Sannan ki tambaye shi yana samun barci kuwa, ki saurari yadda zai amsa. Iyayen sojoji da matansu da ke karanta wannan fili, ina son jin ta bakinku a ƙasa, musamman abin da 'ya'yanku ke faɗa muku game da jiragen nan. Kada dai ku rubuta sunansu ko inda suke aiki.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan tarin hunturu, zan kuma nuna muku yadda za ku ƙirga numfashin yaro a minti ɗaya da agogon wayarku.